Yadda ake saye da riƙon Pontiac bayan an daina ƙera ta

Tun daga ranar 31 ga Oktoba, 2010, babu dilan da ke da izinin sayar da sabuwar Pontiac a Amurka. Amma motocin suna nan bisa titi, ana saye ana sayarwa, ni ma ɗaya nake hawa, G8 GT ƙirar 2009 mai inji V8. Duk wanda ya ji rurinta ya matso, tambayarsa ba ta wuce ɗaya: kayan gyara fa, a ina ake samu?

Motar da aka daina ƙerawa kashi biyu ce. Akwai abin da ta yi tarayya a kansa da wasu motoci, wato inji da giya da kayan birki da su fulogi da matatar mai. Waɗannan ba sa ba mutum wahala, tunda Pontiac reshe ce ta kamfanin General Motors, wato GM, kuma GM yana nan da ransa. Akwai kuma abin da yake nata ita kaɗai: bodi, bamba, fitilu, gilashi, kujeru, dashbod, robobin ƙofa. Waɗannan kullum raguwa suke yi, duk motar da ta yi hatsari ta tafi da nata. Yawancin masu saye inji suke zuwa dubawa, su ɗaga bonet su yi ta kallo, alhali injin ne ya fi komai sauƙin mayarwa. Ni gara in ɗauki mota mai gajiyayyen inji da lafiyayyen jiki, da in ɗauki mai sabon inji da fasasshiyar fitila da ruɓaɓɓen ƙasa.

San tarihin, shi zai nuna maka dangin motarka

Sunan na wani shugaban ƙabilar Odawa ne, Pontiac, wanda ya jagoranci yaƙi da Turawan Ingila a yankin Detroit a 1763. Shi ne kuma sunan garin da ke jihar Mishigan inda aka kafa kamfanin motoci na Oakland a 1907. GM ya sayi Oakland a 1909, sannan a 1926 ya fito da Pontiac a matsayin ƙanwarta mai rangwamen kuɗi. Ƙanwa ta fi yayarta kasuwa, har aka rufe Oakland a 1931. Daga nan Pontiac ta shafe shekaru tana motar dattawa, mai aminci, marar hayaniya.

Sauyin ya zo a 1956, da aka naɗa Semon Knudsen shugaban reshen, ya jawo injiniyoyi biyu, Pete Estes da John DeLorean. A 1959 suka faɗaɗa tazarar da ke tsakanin tayoyin hagu da na dama, motar ta zauna daram a ƙasa, suka kuma shiga tsere gadan-gadan. A farkon 1963 GM ya hana rassansa tsere. Akwai kuma wata dokar cikin gida da ta hana sa injin da ya wuce lita 5.4 a matsakaiciyar mota. DeLorean da mutanensa sai suka bi ta bayan gida: ba su fito da sabuwar mota ba, sun dai ce duk mai sayen matsakaiciyar motarsu Tempest LeMans ta 1964 yana iya ƙara kusan dala 296 a sa masa injin manyan motoci, mai lita 6.4 da ƙarfin doki 325. Suka kira wannan ƙarin GTO, sunan da suka aro daga wata motar tsere ta Ferrari. An yi hasashen sayar da 5,000, aka sayar da 32,450. A 1966 GTO ta tsaya da ƙafarta, a wannan shekarar kaɗai aka sayar da 96,946. Firebird ta biyo baya a 1967, samfurinta mai ƙarfi Trans Am kuma a 1969. A mafi yawan shekarun 1960 Pontiac ce ta uku a cinikin motoci a Amurka, bayan Chevrolet da Ford.

Abin da ya karya wannan zamanin sananne ne: kuɗin inshora ya hau kan matasa masu irin waɗannan motoci, dokar tsaftace iska ta 1970 ta matse hayaƙi, ga tsadar mai ta 1973. GTO ta tsaya a 1974. A 1981 aka ƙera injin V8 na ƙarshe wanda yake na Pontiac ne na kansa. Riƙe wannan shekarar da kyau, domin duk V8 da ka gani a Pontiac bayan ta, daga wani reshen GM ya fito, galibi jinin Chevrolet.

Firebird ta ƙare a 2002. Bob Lutz, wanda ke kula da sababbin motoci a GM a lokacin, ya duba Ostareliya inda reshen Holden ke ƙera motoci masu V8 da ke ja da tayoyin baya. Daga can aka kawo Monaro da sunan GTO daga 2004 zuwa 2006, aka kawo Commodore da sunan G8 a 2008 da 2009. G8 GT ta shigo kasuwa a ƙasa da dala 30,000 da ƙarfin doki 361, kuma a ganina ita ce mota mai ƙofa huɗu mafi kyau da ta taɓa ɗaukar wannan suna. Ba ta yi tsawon rai ba. Tattalin arziki ya durƙushe a 2008, GM ya karɓi tallafin gwamnati, ranar 27 ga Afrilu, 2009 ya sanar da cewa zai rufe Pontiac ya riƙe Chevrolet da Buick da GMC da Cadillac. Wata farar G6 ce ta ƙarshe da ta fito daga masana'antar Orion a Mishigan. Har yau abin yana ci mini rai, don an rufe ƙofa daidai lokacin da aka sake koyon aikin.

Wacce za ka nema

Tsofaffin na 1964 zuwa ƙarshen shekarun 1970 su ne masu tsada, kuma wani abin mamaki, su ne suka fi samun kayan jiki. Saboda yawan masu son su, akwai kamfanoni irin su Ames Performance Engineering da ke sayar da sababbin kayan GTO da Firebird na wancan zamani, tun daga ƙarfen jiki har zuwa rigar kujera. Matsalarsu ita ce jabu. LeMans da GTO jiki ɗaya ne, ba wuya mutum ya manna tambari ya ninka kuɗi. Daga 1966 zuwa 1971 lambar shasin GTO ta gaskiya da 242 take farawa. Na 1964 da 1965 kuwa lambar ba ta nuna komai, tunda a lokacin GTO ƙari ce kawai a kan LeMans. A nan sai ka aika lambar zuwa Pontiac Historic Services, waɗanda ke riƙe da bayanan masana'anta, su aiko maka da kwafin takardar da ta nuna yadda motar ta fito da abin da aka sa mata. Mai mota da ya ƙi yarda a yi wannan, ka yi masa sallama.

Firebird da Trans Am na 1993 zuwa 2002 tagwayen Chevrolet Camaro ne, a Kwibek ta Kanada aka haɗa su. Idan da hali ka nemi na 1998 zuwa sama, masu injin LS1. Na kafin nan suna da LT1, wanda aka dasa masa distiributa a ƙarƙashin famfon ruwa, da famfon ya fara ɗiga sai wuta ta rikice. Su ne mafi arahar hanyar shiga wannan gida. Injin ɗaga gilashi yakan gaji, haƙoran robar da ke buɗe fitilun gaba sukan cinye, rufin da ake cirewa yakan yi yoyo, aksil ɗin baya kuma ba ya son a riƙa fizgar mota daga tsaye.

Solstice ƙaramar mota ce mai kujera biyu, 'yar'uwar Saturn Sky da Opel GT, wadda samfurinta mai ƙarfi, GXP, ke da ƙarfin doki 260. Tana da daɗin tuƙi, sai dai kayan jikinta sun yi wuya ƙwarai. Vibe kuwa Toyota Matrix ce da aka sauya wa riga, ba ta cikin zancen gudu.

Sai 'yan Ostareliya, waɗanda na fi sani. GTO ta 2004 tana da LS1 mai lita 5.7 da doki 350, ta 2005 da 2006 kuma LS2 mai lita 6.0 da doki 400, ana samun ta da giyar hannu mai hawa shida ko otomatik. Duka-duka kusan 40,800 aka kawo. G8 iri uku ce: mai V6, GT mai V8 lita 6.0, da GXP mai LS3 lita 6.2 da doki 415, wadda 1,829 kacal aka yi, ita kaɗai ce kuma ake samu da giyar hannu. Waɗannan maraici biyu suka yi, domin masana'antar Holden da ke Elizabeth ita ma ta rufe ranar 20 ga Oktoba, 2017, a 2020 kuma GM ya sanar da ajiye sunan Holden gaba ɗaya.

Takardu kafin ka taɓa makulli

Kada ka yi cinikin biri a sama, komai kyan hoto. Ka fara da lambar shasi, wadda harafi 17 ce a motocin 1981 zuwa sama. Pontiac da aka haɗa a Amurka yawanci da 1G2 take farawa, Firebird ta Kanada da 2G2, GTO da G8 na Ostareliya da 6G2. Ka tabbata lambar da ke ƙasan gilashin gaba ita ce a jikin ƙofa, ita ce kuma a takardar mallaka. Ka duba ko an rubuta salvage ko rebuilt a takardar, ma'ana kamfanin inshora ya taɓa yanke hukuncin cewa gyaranta ya fi ƙarfin darajarta. Irin waɗannan suna da yawa a cikin G8 da GTO, domin ƙaramin karo ma kan sa a yafe mota idan kayan jikinta sun yi tsada. Ba dole ce ta zama mummunar mota ba, amma inshorarta da sayar da ita nan gaba za su ba ka aiki, don haka kuɗin ya sauka sosai.

Ka sayi rahoton tarihin motar daga kamfanin Carfax ko AutoCheck ka ga jihohin da ta zauna. Motar da ta yi rayuwarta a Arizona ko Teksas daban take da wadda ta sha gishirin da ake watsawa a titunan Mishigan da Ohio lokacin ƙanƙara. Sannan ka sa lambar a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran titi ta Amurka, kyauta ne, ka ga ko akwai kiranyen gyara, wato aibin da kamfani ya ce a maido mota ya gyara, da ba a yi ba. Babban kiranyen makunni na 2014 ya shafi G5 da Solstice, na jakar iska ta kamfanin Takata kuma ya shafi Vibe. Dilolin Chevrolet da Buick da GMC su ke karɓar wannan aikin yanzu.

Ranar dubawa

Ka roƙi mai motar kada ya tayar da ita kafin ka iso. Da zuwanka ka ɗora hannu a kan inji ka ji ko da sanyinsa. Amma kada ka tayar tukuna, ka fara zagaya jiki.

Ka tsuguna a gaban kowace fitila ka girgiza ta a hankali. Idan ta yi motsi, kunnuwan da ake ɗaure ta da su sun karye. Ka bi tazarar da ke tsakanin bonet da gefen mota da yatsa, hagu da dama, ka ji ko daidai suke. Ka duba fenti a cikin rana, daga gefe, ƙofa bayan ƙofa. Ka buɗe but ka ɗaga shimfiɗa, ka nemi damshi ko tsatsa ko walda da ba ta masana'anta ba. A G8 batir a but yake, kuma yana da ɗan bututun da ke fitar da iskarsa waje, ka ga ko wanda ya sauya batir ya mayar da shi. A GTO za ka tarar but ɗin ƙarami ne, ba wani abu ba ne, tankin mai aka matsar bayan kujerar baya don cika ƙa'idar Amurka. Ka shiga ciki ka danna kowane maɓalli, ka sauke kowane gilashi, ka kulle ka buɗe kowace ƙofa. A GTO ka duba ɗinkin saman kujerun baya, rana takan ɓarke shi. Duk abin da ka samu a karye a nan, ka rubuta shi, don nemansa za ka yi, ba shiga shago kawai ba.

A GTO ka zura hannu bayan tayar gaba, ka shafa gefenta na ciki. Idan ka ji ya yi santsi ko ya zaizaye, tayar tana gogar shakazoba ne, alamar bushin da robar saman shakazoba sun mutu. Ka koma baya ka kalli yadda motar ta tsaya, sifirin na baya yakan zauna, tayoyi su riƙa cinyewa ta ciki. A G8 kuma hannuwan ƙasa na gaba su ke fara ƙwanƙwasa idan an hau gargada. Duk waɗannan ana samun kayansu, abin ciniki ne, ba abin fasa saye ba.

Yanzu sai a tayar. Ka tsaya kusa da tayar gaba, bonet a buɗe, wani ya murɗa makulli. Injin G8 GT yana da tsarin da ke kashe silinda huɗu idan ana tafiya a hankali don tsimin mai, kuma 'yan ƙarafan da ke ɗaga bawul na waɗannan silindodi su ne rauninsa. Ɗan ƙas-ƙas na daƙiƙa kaɗan da safe ba abin tsoro ba ne. Wanda ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, yana kuma ƙaruwa idan an taka totur, shi ne abin gudu, don idan aka bar shi har kamshaf yake ci. Ka kashe rediyo ka yi tafiya mai ɗan nisa, cikin gari da babban titi. Daga nan ka biya bakanike mai zaman kansa ya ɗaga ta sama ya sa mata kwamfuta. Ka tambaya ko an taɓa kwamfutar injin ko an cire tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Dokar tarayya ta hana cire ta, kuma a jihohin da ake gwajin hayaƙi motar ba za ta ci ba. A Kalifoniya an ɗauke wa motocin 1975 zuwa ƙasa wannan gwaji.

Bayan ta zama taka

Abu na farko, ka daina neman kaya da sunan Pontiac kawai. Ka nemi lambar kayan ta GM, ka bi ta. Giyar 6L80 da ke cikin G8 GT tana cikin Corvette da Camaro da manyan motocin ɗaukar kaya na Chevrolet, duk bakaniken da ya san injin LS, wato dangin V8 na GM irin su LS1 da LS2, ya san motarka. Kayan ACDelco, tambarin kayan gyara na GM, suna nan a ko'ina. A ɓangaren ƙasan mota, dangin G8 su ne Chevrolet SS ta 2014 zuwa 2017, da Caprice ta 'yan sanda, da Camaro ta 2010 zuwa 2015. Wasu kayan suna shiga juna, wasu kama kawai suka yi, lamba ce ke raba gardama. Idan za ka yi oda daga Ostareliya ka tuna sitiyarinsu a dama yake, saboda haka dashbod da kayan sitiyari da fitilun gaba nasu ba naka ba ne. An kuma sayar da Commodore a Gabas ta Tsakiya da sunan Chevrolet Lumina, mai sitiyari a hagu, wani lokaci ta can hanya take ɓullowa.

An taɓa fasa mini fitilar baya a wurin ajiye motoci, wanda ya yi bai tsaya ba. Shagunan kaya duk suka ce babu. Na koma shafin car-part.com, wanda ke haɗa bayanan wuraren da ake farfasa motocin da suka yi hatsari, na yi ta kira. Na farko da na samu ta G8 mai V6 ce, murfinta ja, ta GT kuwa murfinta garai yake kamar ruwa. Da na samu irin tawa sai da na sa mutumin ya juya ta ya ɗauko mini hoton bayanta, na ƙirga kunnuwa na ga ramin kowane ƙwai, kafin na biya. Tun daga nan, idan na ci karo da fitila ko madubi ko maɓallin gilashi mai kyau a kuɗi mai sauƙi, saya nake in naɗe a tsumma in ajiye a kwali, in rubuta lambarsa a jiki.

Ka shiga cikin masu irin motar. Akwai Pontiac-Oakland Club International, akwai GTO Association of America, akwai kuma gidan tarihin Pontiac da Oakland a garin Pontiac na jihar Illinois. Dattawan da ke cikin waɗannan ƙungiyoyi sun san wanda ke da abin da kake nema a ajiye a garejinsa, kuma idan sun ga da gaske kake yi ba sa rowar sani.

Inshora tana buƙatar tunani. Ta yau da kullum darajar littafi take biya, wadda sau da yawa ba ta kai abin da ake sayar da GXP ko GTO mai kyau ba. Kamfanoni irin su Hagerty da Grundy suna yin wadda ake amincewa da darajar mota tun farko, sai dai galibi sukan nemi ka mallaki wata motar zuwa aiki da wurin ajiya mai kyau. Ka karanta sharuɗɗan kafin ka sa hannu.

Idan tsohuwar ka saya, mai ɗaya daga cikin tsofaffin V8 na Pontiac da ake kira 389 ko 400 ko 455, baƙin man zamani bai ishe ta ba, tana son mai yawan sinadarin zinki don kare kamshaf. Fetur ɗin Amurka kuma yawanci yana da kashi 10 cikin 100 na etanol, wanda ke cin tsofaffin robobin kafireta da bututun mai, a sauya su da na zamani. Ga G8 GT kuwa, sauya baƙin mai a kan kari da duba sandar awo a kai a kai su ne gatan waɗancan ƙarafan bawul.

Idan hannunka na ƙaiƙayin ƙara mata ƙarfi, ba zan hana ka ba, injin LS yana karɓa. Amma kada ka yanka bamba, kada ka huda dashbod, kuma duk abin asali da ka cire, salansa ne ko akwatin iska ko rediyo, ka ajiye shi tare da kusoshinsa. Ranar da za ka sayar, mai saye na ƙwarai shi zai fara tambaya.

Idan a jihar da ake watsa gishiri kake, ka ajiye ta daga farkon ƙanƙara har sai ruwan bazara ya wanke titi. Ka wanke ƙasanta, ka cika tanki ka zuba maganin da ke hana fetur lalacewa, ka ƙara wa tayoyi iska, ka jona batir da ƙaramar caja mai riƙe wuta, ka toshe bakin salansa saboda ɓeraye. Idan kuma ita kaɗai gare ka, dole ka hau, to ka sa tayoyin sanyi guda huɗu, ka sa a fesa wa ƙasanta man hana tsatsa kafin sanyi ya shigo, duk ranar da gari ya ɗan sake kuma ka kai ta wanki mai feshin ƙasa.